Kashin kara dukiya ne, amma a duba abin da allura ta bari a cikinsa

Jawabin akawun ƙungiya a taron zagayowar ranar kafa ta

Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawan da suka kafa ta, Sarkin Fawa, shugabannin dillalai, 'yan'uwa fatake da direbobi, da waɗanda suka taso tun daga Maraɗi, Ƙonni, Magariya, Jibiya, Illela da Maigatari, barkanmu da ganin wannan rana.

Kwamiti ya ɗora wa ofishin akawu ya yi bayani kan maganar da aka daɗe ana taɓawa a zaman wata-wata ba a ƙarasa ba, wato tulin kashin dabbobin da ke bayan kara, da shawarar da wasu suka kawo cewa a fitar da kuɗi daga asusu a gina rijiyar gas. Da yake kuɗin na kowa ne, ya kamata kowa ya ji yadda abin yake kafin a ɗaga hannu. Mun zauna da malaman dabbobi na ɓangarorin biyu, mun karanta abin da ya sawwaƙa, ga abin da muka tattaro.

Abin ba siddabaru ba ne. A cikin tumbin saniya akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne suke narka mata ciyawa, kuma ba sa rayuwa inda iska take shiga. Suna cikin aikinsu suna fitar da wata iska mai kamawa da wuta, wadda masana suke kira metan. Idan saniya ta yi kashi, halittun nan suna fitowa tare da shi. To rijiyar gas ba komai ba ce illa tumbin da aka gina da bulo da siminti a ƙarƙashin ƙasa, aka yi masa rufin ƙubba yadda iska ba za ta shiga ba. Ana dama ɗanyen kashi da ruwa, bokiti ɗaya na wannan bokiti ɗaya na wancan, a zuba ta wata kafa kullum. Ya yi kwana arba'in zuwa sittin a ciki yana ruɓewa. Iskar ta taru a sama ta bi bututu zuwa murhu, abin da ya rage kuma ya fito ta ɗaya kafar kamar kunu. Wajen 60 cikin 100 na iskar metan ne, shi ya sa wutar take ci shuɗiya, ba hayaƙi, ba ta baƙanta tukunya.

Ga lissafin da masu aikin suke amfani da shi. Kilo 25 na ɗanyen kashin shanu yana ba da gas kimanin lita 1,000, cikin durom biyar ke nan, kuma wannan zai riƙe murhu mai kai ɗaya awa biyu zuwa uku. Irin shanunmu, babbar saniya tana yin wajen kilo 10 a rana. Ke nan gidan da ke da shanu huɗu ko biyar masu kwana a turke zai iya dafa abincinsa ba tare da ya sayi icce ba. Kunun da ya fito kuwa taki ne, domin abin da shuka take nema a cikin kashi bai bi iska ya tafi ba, yana nan, wari ya ragu, kuma yawancin irin ciyawar da ke cikinsa ya mutu.

Ba mu za mu fara ba. Indiya da Sin suna da irin wannan rijiya miliyoyi a ƙauyukansu. Nan kusa, Burkina Faso ta kafa shirin ƙasa na rijiyoyin gas tun 2009, kuma an gina sama da dubu goma a gidajen manoma da makiyaya. Masu bin hanyar Kwatano, duk wanda ya taɓa tsayawa Cibiyar Songhai a Porto-Novo ya ga yadda suke dafuwa da shi. A Sakkwato ma cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta daɗe tana gwada shi. Masu ƙyanƙyami kuma su tuna iyayenmu mata sun daɗe suna hura wuta da kandilo. Bambancin kawai, wannan ba ya cika ido da hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gidaje yana kashe mutum wajen miliyan 3 a shekara, kuma mata da yaran da ke goye a bayansu ne suka fi shaƙarsa.

Buƙatar kuwa ba sai an faɗa ba. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin ɗauko icce da gawayi ya ɗaga. A watan Agustan wannan shekarar aka rufe iyaka aka kuma yanke wutar da ke zuwa Nijar, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Kowa ya ga yadda masu abinci da masu shayi na bakin kara suka sha wuya. Wutar da za ka samu daga abin da ke bayan shagonka, ba kwastan ba duwan, ba abin rainawa ba ce.

Sai dai kara ba gida ba ne, kuma nan ne masu zumuɗi ya kamata su ɗan lafa. Rijiyar nan ciki ce, kullum take cin abinci, alhali kasuwarmu sau ɗaya take ci a mako. Ranar kasuwa da kashegarinta kashi ya yi yawa, sauran kwanakin sai busasshe, busasshe kuwa ya riga ya zubar da ƙarfinsa, kan ruwa yake tasowa ya toshe. Na biyu, kashin kara cike yake da yashi, yashi kuma ƙasan rijiya yake kwanciya har ya cika ta. Ga ruwa: duk kilo ɗaya na kashi yana son lita ɗaya, a wurin da ake sayen jarka. Da hunturu ma gas yana raguwa, don halittun sun fi son ɗumi irin na cikin dabba, digiri 35 zuwa 37. Rijiyoyi da yawa da aka gina a ƙasashen nan da kuɗin taimako sun mutu, ba don ginin ya lalace ba, sai don ba wanda aka ɗora wa ciyar da su. A ganinmu, in za a yi, kusa da kwata ya kamata a yi, inda ake yanka kullum, ga abin da ake zubarwa daga tumbi, ga ruwa. Gas ɗin farko kuma a ba mahauta su yi babbakar kai da ƙafa da shi, ko ma huta da hayaƙin taya.

Duk waɗannan matsaloli ne na gini da tsari, ana iya maganinsu. Babbar maganar da ta sa muka nemi a ba mu lokaci ita ce ta allura.

Kowa a nan ya san yadda dabba take isowa kara. Ta yi tafiyar ƙafa kwana da kwanaki, ko ta sha tsayuwa a kamiyo, ta rame, tana tari ko zawo. Kafin mai saye ya gan ta, an ɗirka mata allurar nan mai ruwan zuma da ake kira LA, wadda sunanta na asali oksitetirasaikilin, ko fenisilin da aka haɗa da sitireftomaisin, ko tailosin. Wanda ya saya zai loda tirela zuwa Legas ko Anaca ko Fatakwal, shi ma ya ƙara mata wata don kada ta kwanta a hanya. Masu kiwon ragunan layya wasu har kafso ja-da-yalo suke farkewa a zuba a dusa. Dabba ɗaya tana iya shan allura a hannu uku cikin mako guda, ba wanda ya san abin da na gabansa ya yi. Ba mugunta ba ce, tsoron asara ne, domin sa ɗaya ya faɗi a mota ribar lodin gaba ɗaya ta tafi. Amma sakamakonsa shi ne, kashin kara ya fi kashin ruga ɗauke da magani nesa ba kusa ba.

Dalili kuwa, jikin dabba ba ya cinye maganin duka. Bincike ya nuna tsakanin 30 zuwa 90 cikin 100 na irin waɗannan magunguna, gwargwadon irin maganin, suna fitowa ta fitsari da kashi da sauran ƙarfinsu. Yanzu ku haɗa wannan da abin da muka faɗa da farko. Maganin nan aikinsa kashe ƙananan halittu ne, rijiyar gas kuma ƙananan halittu ne suke tafiyar da ita. Matan Fulani sun san wannan: madarar saniyar da aka yi wa allura ba ta kamawa ta zama kindirmo yadda ya kamata. Haka rijiya. Idan maganin kaɗan ne cikin kashi mai yawa, halittun suna jurewa. Idan aka kwaso sharar wurin da aka tara marasa lafiya aka juye gaba ɗaya, gas sai ya ja baya, wani lokaci rijiyar ta yi tsami ta tsaya, a yi makonni ana lallashinta. Haka yake in aka zuba ruwan omo ko na wankin mota mai maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Wani zai ce, to ai in kashin ya yi wata biyu yana ruɓewa, maganin ya mutu. Wannan shi ne abin da masu tallan rijiyar ba su cika bayyanawa ba. Fenisilin yana lalacewa da wuri. Amma oksitetirasaikilin, wanda shi aka fi amfani da shi a wurinmu, mannewa yake yi a jikin kashin, kuma a rijiya mai ɗumin da muka ambata yana iya yin wata biyu da saura mai yawa. Akwai wasu magungunan da suka fi shi ma taurin kai. Ke nan rijiya tana ragewa, ba ta wankewa. Kunun takin ya fito, mai lambu ya saya ya zuba wa salak da kabeji da albasa, abubuwan da ake ci ɗanye. A Jami'ar Minnesota ta Amurka an shuka albasa da kabeji da masara a ƙasar da aka sa wa takin da ke da irin wannan magani, aka same shi a cikin ganyen. Kaɗan ne ƙwarai, ba wanda zai ci ya faɗi. Sauran kuma ruwan sama ya wanke shi zuwa fadama da rijiyoyin da ba su da zurfi.

To in kaɗan ne, mene ne abin damuwa? Kaɗan ɗin shi ne matsalar. Ƙwayar cuta idan ta gamu da magani mai ƙarfi mutuwa take yi. Idan ta gamu da ɗan kaɗan kullum, masu rauni su mutu, masu taurin su rayu su hayayyafa, har su miƙa wa wasu ƙwayoyin wannan taurin. Tulin kashin da ke da ɗan magani makaranta ce ta koya wa cuta jure magani. Kuma magungunan nan dangi ɗaya ne da waɗanda likita yake rubuta wa yaranmu. Baturen da ya gano fenisilin a 1928, Alexander Fleming, tun 1945 ya yi gargaɗin cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai sa ƙwayoyin cuta su saba da shi. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya nuna a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda cututtukan da magani ya daina ci, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankin da abin ya fi muni a duniya shi ne Afirka ta Yamma. Mu ke nan. Duk wanda ya taɓa jinyar yaro aka canza masa magani sau uku zazzaɓi bai sauka ba, ya san abin da ake nufi. A dabbobin ma haka ne: dattawa suna faɗa, allurar da a da sau ɗaya take tayar da sa, yanzu sai an maimaita.

Ba a ma kai ga kashi ba, akwai naman kansa. A jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira bayan allura kafin a yanka dabba ko a sha nononta, da Turanci a kan na Najeriya, da Faransanci a kan na Nijar. Ga LA yawanci kwana 21 zuwa 28 ne kafin yanka. Tirela kuwa kwana biyu ko uku take yi zuwa Legas. Ba sai mun yi muku lissafin ba.

Akwai hukumomi. A Najeriya NAFDAC ce take kula da rajistar magungunan dabbobi, a Nijar kuma akwai ma'aikatar kiwo da dokokin ƙungiyar ƙasashe masu amfani da sefa. Amma ikon kowacce a bakin iyaka yake tsayawa. Dabbar da aka yi wa allura a wancan gefe, ta yi kashi a wannan gefe, aka ci namanta a kudu, babu ma'aikacin da ya bi ta daga farko zuwa ƙarshe. Mu ne kaɗai muke bin ta. Wannan ya sa muke ganin maganar ta ƙungiya ce, ba ta gwamnati kaɗai ba. Tarayyar Turai ta hana sa irin waɗannan magunguna a abincin dabba don ƙiba tun 2006, kuma duk ranar da masu manyan shagunan nama na kudu ko na ƙetare suka fara awo, wanda ke da shaidar tsabtar dabbarsa shi zai sayar.

Abin da ofishin akawu yake kawo wa zaure ba mai tsada ba ne. Dama kowane falke yana shafa wa dabbobinsa fenti don ya gane nasa. A ware launi ɗaya, a ce duk dabbar da aka yi wa allura a shafa mata shi a ƙaho, a rubuta ranar da sunan maganin a littafin da zai zauna a ofishin kowane reshe. A keɓe musu gefe guda a kara. Kashin wannan gefen kada ya shiga rijiya. A tara shi daban, a haɗa da kara da ƙaiƙayi da ɗan ruwa, a riƙa juya shi duk mako. Tulin da aka haɗa da kyau yana yin zafin da ya kai digiri 55 zuwa 65, har hannu ba ya iya daɗewa a cikinsa, kuma wannan zafin tare da iska ya fi rijiya lalata ragowar magani, yana kuma kashe ƙwan tsutsar ciki. Bayan wata biyu ko uku ya zama baƙin taki mara wari. Kunun da ya fito daga rijiya shi ma gara a bi da shi ta wannan hanyar kafin ya je lambu. Wanda yake gaggawa ya kai gonar gero ko dawa ko gindin itatuwa, kada ya zuba a kan ganyen da za a ci ɗanye. Kwalaben da suka ƙare da sirinji da maganin da ya lalace a tanadi durom a riƙa jefawa, a daina cusa su cikin tulin kashi, inda yara masu kwasar taki suke taka su da ƙafa.

Mun san abin da ke ran dillalai, gara mu faɗe shi da kanmu. Fentin nan zai karya farashi, mai saye yana ganinsa zai ce dabba ba ta da lafiya. Gaskiya ne, da farko zai taɓa la'ada. Amma ku duba ta ɗaya gefen. Kowane dillali gobe mai saye ne ko wakilin mai saye, kuma asarar da ta fi ciwo ita ce ta dabbar da allura ta ɓoye wa ciwo, ta tsaya ƙyam a kara, ta zube a Lakwaja. Rigingimun da suke zuwa teburin sulhu na ƙungiya, da yawansu irin wannan ne. Mai kiwo da zai ajiye dabba wata biyu, fentin bai dame shi ba. Mahauci ne kaɗai zai kauce mata, kuma dama bai kamata ta je wurinsa a wannan makon ba. Sharaɗin kawai shi ne rassa duka su ɗauka rana ɗaya. In Jibiya ta yi Maraɗi ba ta yi ba, ko Illela ta yi Ƙonni ta ƙi, dabbobin allura za su koma inda ba a tambaya, waɗanda suka bi doka su ne za su yi asara.

Hanyar rage allurar kuma a bayyane take. Yawancin abin da ake yi wa LA a makance, ciwon huhu ne da gishu na awaki da tumaki da makamantansu, waɗanda suke da rigakafi. Cibiyar Vom da ke kusa da Jos tana yin alluran rigakafin, haka LABOCEL a Yamai, kuma ana fita yi wa dabbobi duk shekara. Gishu ma irin ciwon da maganin nan ba ya kashe ƙwayarsa ne, kuɗi ne kawai ake zubarwa in ba malamin dabbobi ne ya ga dalili ba. Ruwa da inuwa kafin lodi, da rage cunkoso a mota, suna hana kwanciya fiye da kwalba. In ƙungiya ta nemi a ba ta malamin dabbobi guda da zai zauna ranar kasuwa, a riƙa biyansa daga kuɗin shiga, allurar da za a yi za ta zama da awo.

Kada kuma a manta da masu amalanke da kura da suke kwasar takin nan suna kai wa manoma, da shi suke ci da iyalinsu. Tun da takin zamani ya yi tsada a 2022 kasuwarsu ta buɗe. Duk tsarin da za a yi, su za a fara ɗauka aikin ciyar da rijiya da juya tuli, su kuma za su sayar da abin da ya fito. A gaya musu tun yanzu, ba a shiga cikin rijiyar gas ko da an kwashe ta, domin iskar da ke ciki tana kashe mutum kafin ya yi ihu, ba a kuma kusantar ta da ashana ko taba.

Shawararmu ga zaure ita ce kada a taɓa asusu don babbar rijiya bana. A fara da fenti da littafi da keɓe wuri daga kasuwar farko ta watan gobe, a dukkan rassa. A gina ƙaramar rijiya ɗaya irin ta gida kusa da kwata, a nemo maginin da ya taɓa yin ta, a sa mutum ɗaya da sunansa a kanta, a riƙa auna kilo nawa aka zuba da awa nawa murhu ya ci, har ta ga damina ta ga hunturu. A taron baɗi ofishin akawu zai karanta muku alƙaluman, sannan a yanke hukuncin babbar. Sakatarorin rassa su tsaya bayan an tashi su karɓi nasu littafin, a kuma tsayar da launin fentin yau kafin mutanen Magariya su kama hanya.